Sabon Moto a Ƙauyen Yaya

Bayana ne ya fara kawo maganar canza moto, wato babur ɗina, ba ni ba. Shekara biyu cur ina tashi da asuba sai na dafa bakin gado kafin in miƙe, ruku'u kuwa sai dai in yi rabinsa in roƙi Allah ya karɓa haka nan. Likitan da na gani a Yamai bai kai ɗana na biyu shekaru ba. Ya ɗaga hoton ƙashin bayana wajen taga, ya juya shi, ya tambaye ni sana'ata. Na ce masa ni ma likita ne, sai dai marasa lafiyata ba su magana. Ko murmushi bai yi ba. Ya ce ko dai in daina hawan babban moto cikin rairayi, ko kuwa nan gaba kaɗan sai an riƙa tallabe ni ana kai ni makewayi. Na yi masa godiya, na fito, na hau babban moton na kamo hanyar Filinge.

Aikina allurar bisashe ne da ba su magani. Na yi wa gwamnati shi har ta gaji da ni ta ba ni takardar hutu, amma akuyar da cikinta ya kumbura a wani ƙauyen ƙasar Kurfai ba ta san da wata takarda ba, mai ita ma haka. Sai na ci gaba da zagayena kamar da, akwatin ƙanƙara ɗaure a baya, allurai a ciki. Ban iya wani abu ba bayan wannan. In na kwana uku ban fita daji ba, maiɗakina da kanta take tambayata ko ba a nemana a wani wuri, don ta gaji da gyaran da nake yi mata kan yadda ake ɗaure tunkiya.

Moton kuwa tun zamanin da soja ke riƙe da ƙasar na same shi. Wani annasara ne mai aikin gina rijiyoyi ya ratso hamada a kansa daga ƙasarsu, da zai koma ya bar mini shi don na taɓa ceto karensa da maciji ya sara. Kowa a garin ya yi zaton babban sojan da ke riƙe da yankin ne zai gaje shi, shi ma haka ya zata. Wata shida moton na lulluɓe da tabarmi a ɗakin hatsi, ban hau shi ba sai da aka sauya wa mutumin wurin aiki. A lokacin ɓacin ran mai kaki ba abin wasa ba ne.

Ba don rairayinmu aka ƙera shi ba. Don doguwar tafiya a kan gudoro, hanyar kwalta, aka yi shi, tanki babba, gilashin tare iska a gaba, kujera mai faɗi, ga nauyi kamar na maraƙi. A shekarar farko ya kayar da ni ya fi a ƙirga, in ya kwanta kuma sai na nemi mutum biyu mu tashe shi. Amma yana da abu guda da ya sa na yafe masa komai, wato muryarsa. Sauran moto ƙara suke yi siririya mai shiga kunne. Nawa gurnani yake daga ƙasa, dum-dum-dum, in na biyo busasshen kwarin nan da muke kira dallol duwatsun gefe su karɓa su miƙa gaba.

Wanda bai yi aikinmu ba ba zai gane amfanin wannan ba. Allura in ƙanƙararta ta narke ta zama ruwan banza, ƙanƙara kuwa a ƙasarmu da ƙyar take kai azahar. Da can sai in isa gari in zauna gindin icce ina jiran a nemo maigari, a yi shela, a bi mata gida-gida, rana na ci ina kallon akwati raina na tafasa. Da na samu wannan moto sai jiran ya ƙare. Tun ina can nesa ake jina a ƙauyen da na nufa. Kafin in iso mata sun kwance awaki, sun jawo tumaki, an taru bakin rijiya, har an fara faɗa kan wadda ta riga zuwa. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa aika wa wani gari saƙon ina tafe ba. Ko da wayar hannu ta zo ban canza ba, tunda a yawancin ƙauyukan sai mutum ya hau tudu kafin wayarsa ta kama, moton kuwa har cikin ɗaki yake iske mutum.

A cikin ƙauyukan nan akwai na yayata, arewa da Filinge, in an saki hanyar Abala an yi gabas. Ita ta raine ni bayan rasuwar innarmu, ita ta ja ni da kunne ta kai ni lakwal, makarantar boko, ranar da na ce ba ni zuwa. Mace ce mai tsauri. An yi yunwa a gabanta, ta binne miji da ɗiya uku, ban taɓa ganin hawayenta ba, kuma har na yi furfura in ta daka mini tsawa sai na nemi wurin zama. Duk zuwana sai ta yi mitar moton. Ta ce yana firgita mata kaji, ta ce mai hankali ba ya hawan abin da ya fi shi baki. Amma da ta jiyo gurnaninsa daga nesa take ɗauko ƙwarya ta fara dama fura, ina tsayawa tana miƙo mini. Gwiwoyinta sun riga sun gama aiki, ba ta iya zuwa Filinge. In ban je ba, ba mu ganin juna.

Soja suka tafi, farar hula suka zo, soja suka dawo, suka sake tafiya, moton na nan. Sai dai tsufa ya kama shi tare da ni. Makanikena ya gaji da aikawa Yamai neman kayan gyaransa, ya koma yanko na wasu yana dasa masa. A daminar da zan ba da labarinta wani ƙarfe a cikin injin ya cinye, moton ya koma ba ya tashi sai an tura. Makanike ya ce ya nema ko'ina babu, sai dai a kai wa masu injin feƙe ƙarfe su gwada kwaikwayonsa, kuma bai yi mini alkawarin zai zauna ba.

Taubashina, ɗan kawuna, shi ke sayar da sababbin moto kusa da tasha, irin ƴan Sin ɗin nan marasa nauyi, a jere cikin leda. Tun muna yara ba mu haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Shi ya zo mini da maganar cewa akwai wani mai hali a Yamai da ke tara tsofaffin moto don sha'awa, ya ga nawa, yana so. In na yarda a ɗauki tsohon, a ba ni sabo fil a madadinsa.

"Ka ba da gawar nan a yi mata sutura," in ji shi. "Kai tsoho, shi tsoho, wa za shi tura wani?"

Na ce masa ya je ya kula da ledojinsa.

Amma maganar ta zauna mini. Wata uku ina juya ta. Abin a fili yake, in na riƙe tsohon bayana zai zaunar da ni, in daina fita daji, in daina ganin Yaya. In na karɓi sabon wataƙila in ƙara wasu shekaru ina zagaye. Ba wani abin tunani a ciki, ko wawa ya san amsa. Duk da haka kullum da safe sai in tsaya in dube shi a zaure, in ga inda fentin tanki ya goge daidai gwiwata, in ji ba ni iyawa. Na gaji da ciwon, na gaji da roƙon mutane su tura ni, na gaji da tunanin ma. Maiɗakina ta ce in yi istihara in yanke, ko in bar kunnenta ya huta.

Taubashin nawa ya san hali. Ran nan ya ce, "Ɗauki guda ka yini da shi. In bai yi maka ba ka maido, ba ni cewa komi." Na san ƙarya yake, zai ce, amma na ɗauka.

A shekarun nan ne mutanen daji suka fara sauko mana daga arewa. Ba a kai ga hana hawan moto a ƙauyuka ba tukuna. Bibbiyu suke zuwa kan moto, da bindigogi, su kore shanu, wani wurin su kashe maigari a gaban iyalinsa. Ko sunansu ba a faɗi, sai dai a ce mutanen nan. Na san wannan sarai, ba wanda bai sani ba, na je ta'aziyya garuruwa da yawa. Amma ni duk garin da na shiga sai in iske mutane bakin rijiya da awakinsu kamar kullum, don haka a raina tsoron yana can gaba, bai iso ƙauyukana ba. Ban taɓa tambayar kaina abin da suke yi in sun ji moton da ba nawa ba.

Ranar wata Laraba, kwana biyu bayan ruwa, na ɗaura akwatina bayan sabon moton na nufi wurin Yaya. Gero ya fi tsayin mutum, ya fara fitar da kai. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Abu ba nauyi, taɓa shi kaɗan ya tashi, in ya shiga rairayi sai ya bi ta kai ya wuce. Na yi tafiyar awa guda ban tuna ina da baya ba. Har waƙa na kama, ni da rabona da waƙa tun ina saurayi. Na ce a raina shi ke nan, gobe in kai wa taubashina tsohon, ya yi dariyar da zai yi.

Daɗin ne ya sa na ƙara wauta a kan wauta. Akwai wata ƴar hanya ta cikin tudun rairayi da ke rage tafiya, wadda babban moton bai taɓa iya bi ba. Na ce bari in gwada wannan. Ya haye kuwa, ko nishi bai yi ba. Hanyar zagayawa take ta faɗo wa garin ta arewa, ni kuma na shigo a guje ina murna.

Bakin rijiya ba kowa. Guga na yashe a ƙasa, ruwansa bai gama tsiyayewa ba. Na wuce cikin gari na tsaya gaban masallaci na kashe moton. Awaki na ta kuka a turakunsu, don da damina ɗaure suke. A wani gida turmi na tsaye da hatsi a ciki, taɓarya a ƙasa, kaji sun hau suna ci. A wani gidan rediyo na ta magana shi kaɗai. Na yi sallama da ƙarfi sau uku. Abin da ya fara zo mini shi ne mutanen nan sun riga ni zuwa. Sai da na juya na dubi moton, baƙi, sabo, iri ɗaya da wanda ake kwatanta mana a wurin kowace ta'aziyya, sannan na gane ni aka guje wa.

Na nufi gidan Yaya da sauri. Tukunya na kan murhu, wuta na ci, ƙofar ɗakinta a saye da asabari. Na ɗaga na leƙa. Tana zaune kan tabarma ta fuskanci gabas. Ta yafa farin mayafinta na Idi, ta rufe ƙafafunta ruf har yatsu, hannayenta a kan cinya, idonta a rufe, leɓenta na motsi. Da ta ga ba ta iya gudu sai ta shirya, don in an zo a iske ta cikin sutura.

"Yaya," na ce. "Ni ne."

Ba ta buɗe ido ba. Na sake faɗi, na durƙusa gabanta na kama hannunta, na ji shi sanyi ƙalau. Ta buɗe ido ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Ina motonka?"

"Shina gida, Yaya. Wani na aro."

Ta gyaɗa kai. A lokacin ne na lura tabarmar ta jiƙe a ƙarƙashinta, jiƙon ya biyo har gefen gwiwata. Ta ga na gani. Matar da ta yi mini wanka, ta share mini majina, ita ce ta kawar da kai gefe.

"Buta ce ta zube," ta ce.

"Na gani, Yaya. Butar ce."

Butar tana can bakin ƙofa a tsaye, cike da ruwa. Na tashi na fita na ja mata asabarin, na sauke tukunyar da ta fara ƙonewa, na zauna a tsakar gida. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan zaman ba.

Sai da aka yi kusan awa guda mutane suka fara fitowa daga cikin gero ɗaya-ɗaya. Wani ne ya rarrafo ya leƙo, ya ga akwatin ƙanƙara a bayan moton, ya koma ya faɗa. Mata da goyo, ƙafafu duk ƙaya, tsofaffi ana riƙe da su. Wata mai tsohon ciki sai ɗauko ta aka yi. Ba wanda ya zage ni, da sun zage ni ma da na fi samun sauƙi. Suna wucewa suna cewa sannu da zuwa likita, kowa na shigewa gidansa.

Maigari sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Ya iske ni gaban masallaci, rigarsa a yage ta kafaɗa, ya zauna yana maida numfashi.

"Likita, mi munka yi maka?"

Na ce wallahi ban yi tunani ba.

Sai ya gaya mini abin da kowa a garin ya sani ban da ni. Tun bara suka yi shawara a masallaci, su da garuruwan kewaye. Duk ɗan gari ko baƙon arziki da ya zo da moto, in ya kai kukar da ke kudu da gari sai ya kashe shi, ya turo da hannu. Moton da ya shigo da ƙararsa ba nasu ba ne, kowa ya san abin da zai yi. Wanda ya faɗo ta arewa kuwa ba a ma tsayawa saurare.

"To ni mi ya sa ba ku gaya mini ba?" Na ji muryata ta hau, don a lokacin na fi son in yi fushi da in ci gaba da jin kunya.

"Kai mi za mu gaya maka? Naka ko jariri ya san shi. Naka ɗai ne in munka ji hankalinmu ke kwanciya."

Ranar ba akuya ko ɗaya da aka kawo mini, ni ma ban nema ba. Ƙanƙarar ta narke, na zubar da allurar a bayan gari. Yaya ba ta fito ba, ta cikin asabari ta ce in gaida gida. Da zan tafi tura moton na yi har kukar, sannan na tada shi.

Washegari na mayar wa taubashina kayansa. Ya washe baki zai fara, ya dubi fuskata ya fasa. Na ba shi labari a tsaye, ban da zancen tabarma, wanda yanzu ma don mai shi ta riga mu gidan gaskiya ne na iya rubuta shi. Ya ce ai abu mai sauƙi ne, sai in riƙa turawa daga kuka kamar kowa, sabon ba nauyi gare shi. Gaskiya ya faɗa. Amma maganar maigari ta tsaya mini a wuya. In a duk faɗin Kurfai ƙara guda ce ta rage da ke kwantar wa mutane hankali, ban ga yadda zan miƙa ta ga mai halin Yamai ya ajiye a gida yana gogewa ba. Kuma na sa a raina in Yaya ta sake jin gurnanin da ta sani, abin da na ɓata zai gyaru. Na ce masa ya gaya wa mutuminsa ba ni bayarwa.

"To bayan naka fa?"

Na ce bayan nawa ne, ba nasa ba.

Mako uku aka yi kafin masu feƙe ƙarfe su aiko da kwaikwayon, makanike ya sa, ya zauna. Na kama hanya ta kudu yadda na saba, a hankali, kowane rami ina jinsa har ƙeya. Bakin rijiya cike yake, ga awaki, ga tumaki, ga faɗan wadda ta riga zuwa. Maigari ya bubbuga tankin da tafin hannu, bai tada zancen ran nan ba. Na yi aikina har azahar, na wanke hannu na wuce gidan Yaya.

Ba ta bakin ƙofa, ba kuma ƙwaryar fura. Na duba ɗaki ba ta ciki. A bayan rumbu na iske ta, zaune a ƙasa ta jingina da ƙafarsa, zanenta duk rairayi. Da jan gindi ta kai kanta can, ga alamar nan a ƙasa tun daga bakin murhu. Tun safe take wurin, don kai kanta ta iya, tashi ne ya gagara.

"Yaya, nawa ne fa. Tsohon ne. Ba ki ji shi ba?"

"Na ji shi tun kana dallol. Na san naka ne." Ta kakkaɓe hannunta. "Kunnena ya sani. Cikina ne bai sani ba."

Na zauna kusa da ita a ƙasa. Ta ce tun ranar nan ko injin niƙa aka tada sai hanjinta ya kaɗa. Ta yi addu'a, ta sha rubutu, abin bai bar ta ba. Ba cikin mita take faɗi ba, a hankali take faɗi, yadda mata ke kawo mini labarin akuyar da ta daina cin abinci. Na ce zai wuce in sha Allahu, ta ce to.

"In za ka zo wurina, ka zo shiru," ta ce. "In ba ka iyawa ka yi zamanka, na yafe maka."

Tunda nake ban taɓa jin ta roƙi wani abu a wurina ba sai ranar. Na tallabe ta na kai ta ɗaki, ni da bayana muna nishi.

Abin da ta roƙa ba ƙarami ba ne. Moton kowa a kuka ake kashe shi, nawa kuwa tun daga dallol ake jinsa. In ina son kada ya kai kunnenta sai na tsaya a garin da ke kafin nasu, tafiyar awa guda da rabi ga mai lafiya. Tura shi cikin rairayi kuwa ba a ma wannan zance. Na sake juya maganar sabon moton kwana da kwanaki, don da shi zan tura daga kuka in huta. Sai in tuna da sauran garuruwan da ke jiran wannan murya, in tuna da ƙanƙara, in ga ban isa in raba su da ita ba. A ƙarshe na bar wa garuruwan moton, Yaya kuma na ce zan je mata da ƙafa. Taubashina ya ce ni dai wahala ce ba ta ishe ni ba. Ban musa masa ba.

An fara girbi na koma. Na gama da garin farko da hantsi, na shigar da moton zauren wani mai shayi da na sani, na rataya akwatin a kafaɗa na kama hanya. Rabin awa na farko ba laifi. Daga nan bayan ya fara riƙe ni, na riƙa tsayawa ina sauya wa akwatin kafaɗa. Da na kai wani kwari sai da na karyo reshen sabara mai kauri na dogara da shi. Masu girbi suna ɗagowa suna yi mini sannu daga nesa, ba wanda ya kira ni likita. Awa biyu da wani abu na yi. Na wuce kukar, na wuce rijiyar, mata biyu na jan ruwa ba su ko waiwayo ba. Ƙanƙarar ina jin motsinta a cikin akwati, ta zama ruwa.

Yaya na zaune ƙofar gida kan tabarma, ta jingina da gini, ita da maƙwabciyarta suna tsinke yakuwa. Ta ɗago ta hango ni, ta kare ido da tafin hannu. Ban yi nisa ba, na ji abin da ta ce sarai.

"Wane tsoho ne wancan shina tahe da akwati? Allah sarki. Tashi ki ɗebo mashi ruwa."

Maƙwabciyar ta tashi ta shiga gida. Na ƙaraso na sauke akwatin na yi sallama. Yaya ta amsa rabi ta tsaya. Ta dubi sandar, ta dubi yadda na ranƙwafa, ta dubi gemuna, kamar yau ta fara ganin ya yi fari. Shekara ashirin da wani abu jin zuwana take yi, ba ta taɓa zama ta kalli tafiyata ba. Ta dafa ƙasa da hannu biyu ta ja jikinta gefe da ƙyar, ta bar mini wurin da ke jikin ginin.